Rijiyar da Muka Haƙa wa Garinmu daga Birni

Na bar ƙauyenmu da ke ƙasar Ringim ina saurayi, da niyyar ci-rani kawai, wato in yi watannin rani a Kano in koma gida kafin ruwan shuka. Yau ina da rumfa a kasuwar hatsi ta Dawanau, amma ba a taɓa yin damina ban aika kuɗin taki gida ba, kuma geron da iyalina ke ci a birni daga gonar mahaifinmu yake fitowa. Haka yawancin 'yan garinmu suke. Wasu na dako a Kantin Kwari, wasu sun koma tuƙa adaidaita sahu tun da aka hana acaɓa a Kano a 2013, wasu kuma suna Legas, a Agege da kasuwar Mile 12, amma Sallah tana ƙaratowa kowa zai nemi motar gida.

Ambaliyar 2022, wadda ta yi wa Jigawa mummunar ɓarna, ta rufta da biyu daga cikin tsofaffin rijiyoyinmu, ta kuma gurɓata sauran. Sai muka taru a rumfata wata ranar Juma'a, muka yanke shawarar haƙa rijiyar burtsatse, aka naɗa ni ma'aji. Kowa yana ba da abin da ya sawwaƙa duk mako, kamar adashi, mutanen Legas suna turo nasu ta banki, ni kuma ina sanya hoton littafin shiga da fita a zaurenmu na WhatsApp. Tara kuɗin bai ba mu wahalar da muka yi zato ba, ko da ƙarancin takardun naira ya tsananta a farkon 2023, domin mutumin da mahaifiyarsa ke shan ruwan kududdufi ba ya bukatar dogon wa'azi.

Kuskurenmu a wani wuri yake. Mu da ke birni muka zaɓi inda za a haƙa, kusa da masallacin Juma'a, saboda muna so duk wanda ya shigo gari ya ga tankin. Mu ne kuma muka zaɓi janareta, domin ya fi sola araha a lokacin. Dagaci kawai muka sanar, ya sa mana albarka, aka buɗe rijiyar bayan ƙaramar Sallah. Ba a yi wata biyu ba aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, farashi ya ninka fiye da sau biyu, janareta ya yi shiru, tunda ba mu taɓa zama da kowa mun tsayar da wanda zai riƙa sayen mai ba.

Da na je gida cikin damina, na tarar da ciyawa ta kewaye famfon. Na shiga gaishe da gwaggona, tana zaune tana tankaɗe, sai ta ce da ni, "Ɗan nan, rijiyarku ta 'yan birni ta mutu, yaushe za ku zo ku tashe ta?" Kalmar "rijiyarku" ta tsaya mini a rai har yau. Ta ƙara da cewa ko lokacin da ruwa ke zuwa, yaran unguwarsu, wadda ta fi kowace yawan gidaje, sai sun ratsa gari da jarka a ka, kuma da an tambayi mata, waɗanda su ne suka san ruwan da gida ke sha a yini, da sun faɗi haka tun farko. Ban sami amsar da zan ba ta ba.

Washegari na je wurin dagaci na ce, "Ranka ya daɗe, mun yi gaggawa, muna roƙo a tara mana jama'a mu saurare su." A taron nan muka fi yin shiru. Mutanen gari suka kafa kwamitinsu, da masu unguwanni da liman da dattijuwa guda daga kowace unguwa. Wani dattijo ya kawo shawarar da ba za ta taɓa zo mana ba, cewa kada a nemi kuɗi a hannun manomi duk wata, a bari sai kaka kowane gida ya ba da tiyar gero ko riɗi, a adana a sayar idan hatsi ya yi daraja, kuɗin ya zama na gyara. Mu 'yan birni muka ɗauki nauyin sayen sola da bututu, su kuma suka yi gayya suka haƙa ramin bututun har unguwar su gwaggo cikin kwana uku.

Daga nan na daina ɗaukar cewa wanda ya kawo kuɗi shi ke da ikon yanke hukunci. Na kuma koyi tambayar wanda zai gyara abu kafin in tambayi nawa za a saye shi. Wani matashi da ya dawo daga Legas bayan an hana acaɓa a wasu sassanta a 2022 shi ke share ƙurar hunturu daga faifan solar, ana biyansa daga kuɗin geron. Littafin lissafi ma ya bar hannuna, yana wurin magatakardan kwamiti, kuma kwana biyu bayan kowace babbar Sallah ake karanta shi a ƙofar gidan dagaci, mu da muka zo daga Kano da Legas muna zaune a tabarma ɗaya da sauran jama'a.