Abin da gyaran injin walda ya koya mini

Idan aka kawo mini injin walda aka ce ya lalace, ba na ɗaukar sukudireba sai na gama tambayoyi. A tsakiyar aiki ya mutu, ko da safe aka kunna ya ƙi tashi? An ji ƙara? An ji ƙauri? Da wutar gari ake aiki ko da janareta? Sannan nakan ce a kawo shi da wayoyinsa duka, holda mai riƙe sandar walda da wayar at, wato wadda ake maƙala wa ƙarfen aiki, har da doguwar wayar da ake jawo masa wuta. Masu walda da yawa gangar jikin kawai suke ɗaukowa, alhali sau tari ciwon yana can jikin abin da suka baro a shago.

Wani mai walda ya taɓa zuwa mini ransa a ɓace, ya ce injinsa ya rasa ƙarfi, ko ya murɗa shi har ƙarshe sandar walda liƙewa take yi. Na sa mita a bakin fitar wuta na ga bolt 60 da wani abu. Inji mai lafiya, idan ba a walda da shi, yawanci tsakanin 50 da 80 yake nunawa. Na ce, "Malam, ba ni wayar at ɗinka." Da na zare robar da ke gindin matsen, sai ga jan ƙarfen ya yi baƙi ƙirin, kusan rabin silin ya tsinke, sauran yana karyewa da an lanƙwasa. Na yanke inda ya ƙone, na fere sabon wuri, na ɗaure tamau. Ko murfin injin ban buɗe ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Lokacin walda, bolt ɗin da ke bakin sanda ashirin da 'yan kai ne, amma amfiya tana haura 100 idan sandar mai kaurin milimita 3.2 ce. Wuta mai yawa haka, duk inda ta tarar da sako-sako ko tsatsa ko fenti, nan za ta zama zafi, ƙarfin da ya kamata ya isa bakin sanda ya ƙare a hanya. Shi ya sa nake cewa a yi walda na ɗan lokaci, a kashe inji, a bi wayoyin da hannu daga farko har ƙarshe. Inda ya fi zafi, nan ne matsalar. Siririyar wayar jawo wuta mai tsawo ita ma haka take shaƙe inji. Sandar da ta sha danshi kuma, musamman mai lamba 7018, za ta yi ta tartsatsi tana barin ramuka a ɗinki, a ɗora wa inji laifin da ba nasa ba.

Sai maganar fitilar nan mai ruwan ɗorawa da ke kamawa inji ya daina ba da wuta. Wannan ba lalacewa ba ce, zafi ne ya yi yawa ya kare kansa. A jikin kowane inji akwai rubutun yawan aikin da zai jure, kuma da minti 10 ake lissafinsa: in an rubuta kashi 60 cikin ɗari a kan wata amfiya, minti 6 na walda ke nan, 4 na hutu. Idan fitilar ta kama, a bar injin a kunne fanka ta ci gaba da busa shi. Abin da ke ƙona mini rai shi ne in buɗe inji in tarar wani ya haɗe wayoyin ma'aunin zafin don fitilar ta daina damunsa. Wanda ya yi haka ya cire wa mota birki ne. Idan fitilar tana kamawa da wuri fiye da da, fanka nake fara dubawa, sannan ƙura.

Ƙurar shagon walda ba irin ta ɗaki ba ce. Garin ƙarfe ne da giranda ke watsawa, fanka ta zuƙe shi ciki, ya kwanta a kan allon da kayan wutar ciki ke jere a kai, kuma wuta tana bin sa. Na sha buɗe inji in ga toka-toka mai ƙyalli ta cika tsakanin ƙafafun kayan, har da ɗan baƙin tabo inda wuta ta tsallaka. Hura inji da busasshiyar iska lokaci-lokaci, da nisanta shi daga inda ake gurza ƙarfe, sun fi duk wani gyara da zan yi masa.

In ya zama dole a shiga ciki, a nan nake rage gaggawa. Ƙananan injunan nan marasa nauyi, inbata, suna karɓar wutar bolt 220 su miƙar da ita, su tara a manyan kafasita, inda take haura bolt 300. Zare fulogi ba ya nufin wutar ta tafi. Kullum sai na auna kan kafasitocin, in akwai saura in sauke ta da rizista ko kwan fitila, in sake aunawa. Ba na yarda yaro mai koyo ya gama ƙafafunsu da sukudireba. Tartsatsin yana cinye bakin ƙarfen, yana iya lalata kafasitan, yana iya shiga ido.

Daga kafasita wutar tana zuwa wurin IGBT, ƙananan makunnan da ke buɗewa da rufewa sau dubbai a daƙiƙa guda. Wannan saurin ne ya sa taransifomar ciki ta zama 'yar ƙarama, injin ya yi sauƙin ɗauka. Su ne kuma suka fi mutuwa. Alamarsu sananniya ce: da an kunna sai makatsar wuta ta faɗi, ko a ji fas, ƙauri ya biyo baya. Mita a ma'aunin diyod za ta nuna ƙafafun sun haɗe ta kowane ɓangare.

Babban abin da aikin nan ya koya mini a nan yake. IGBT ba ya mutuwa shi kaɗai, kuma ba ya mutuwa haka kawai. Idan ya ƙone, wuta mai ƙarfi takan bi ta ƙafar da ake ba shi umarni, ta kashe ƙananan rizistoci da diyod ɗin da ke wajen. Wanda ya sa sabo bai duba waɗannan ba, zai kunna ya sake jin fas. Don haka nakan bi layin kowane IGBT ɗaya bayan ɗaya, in gwada awonsu da na juna. Wanda ya bambanta da 'yan'uwansa shi nake tuhuma. Nakan duba diyod ɗin fitar wuta, domin idan ɗaya ya haɗe shi ma yana jan IGBT zuwa mutuwa. Nakan duba rile, wato makunnin da wuta ke sarrafawa, da rizistar da ke rage ƙarfin shigar wuta a farkon kunnawa. Ina canza IGBT duka tare, masu lamba ɗaya, in goge tsohon man zafi in shafa sabo siriri, in tabbata shimfiɗar da ke raba su da alminiyam ɗin da ke kwashe musu zafi ba ta huje ba. Kayan jabu kuwa sun cika kasuwa, lambar jiki daidai amma ciki ba ƙarfi, shi ya sa ba na saye sai wurin wanda na amince da shi.

Bayan haɗawa ba na ba shi wuta kai tsaye. Ina sa kwan fitila mai zare, irin na da, a kan layin shiga. In ya haska ya dushe, kafasita sun cika, komai lafiya. In ya tsaya da haske sosai, akwai sauran inda ya haɗe, kwan ya tare wutar, sababbin kayana sun tsira.

Sannan in koma kan tambayar janareta. Ƙaramin janareta, da an kafa sanda sai ya durƙushe, da an ɗaga sai wutarsa ta yi sama, kuma wannan hawa da saukar yana gama inbata. Ina gaya wa mai inji gaskiya cewa in ya mayar da shi kan wannan janaretan, zai dawo mini.

Tsofaffin injuna masu babbar taransifoma ba su da wannan laulayin. Yawanci makunni ne, ko noti ya kwance, ko ƙarfen da ake murɗawa a ƙara wuta ya cije. Amma in nadin wayar ya ƙone, warin banish zai gaya maka tun kafin mita, kuma dole a auna tsakanin nadin da gangar jiki, kada injin ya riƙa jan mutum. Na MIG kuwa, wato mai walda da waya maimakon sanda, in waya tana fita tana tsayawa, a duba ɗan bakin tocin da bututun da take bi da tayoyin da ke tura ta kafin a zargi allo.

Ba na miƙa inji don kawai fanka ta juya, fitila ta kama. Sai na cire kwan gwaji, na ƙona sanda a ƙaramar amfiya, na ƙara wuta na ƙona masu kauri a jere har injin ya ɗau zafi. Daga nan in kashe, in sauke kafasita, in taɓa alminiyam ɗin in ji ko wani ɓangare ya fi wani zafi, in sake matse notocin bakin fitar wuta, sannan in rufe murfi in kira mai shi ya gwada da hannunsa.