Daga Ambursa Zuwa Madina: Hanyar da Yaƙi Ya Ƙara wa Tsawo

Tun muna sansanin alhazai a Birnin Kebbi, a Hajjin 2024, na zauna na yi lissafin tafiyar a bayan wata takarda. Daga filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa zuwa filin Yarima Muhammad bin Abdul'aziz na Madina, idan aka miƙe sak, tazarar ta kusa kilomita 4,000. Babban jirgi kuwa yakan ci kimanin kilomita 850 a awa guda, saboda haka na sa rai ba za mu wuce awa biyar a sama ba.

Lissafin bai yi daidai ba, kuma Sudan ce dalili. Miƙaƙƙiyar hanyar tana bi ne ta Nijar da Chadi, ta ratsa arewacin Sudan, ta tsallake Bahar Maliya, amma tun da yaƙi ya ɓarke a can a Afrilun 2023 jirage suke kauce wa sararin samaniyar ƙasar. Zagaye muka yi, har agogona ya nuna mun haura awa shida kafin tayoyin jirgi su taɓa ƙasa. Ga kuma awa biyu da Saudiyya ta riga mu, waɗanda suka rikita mutane da yawa wajen gane lokacin salla.

A gefena akwai wani dattijo daga Argungu, riƙe da carbi da ƙullin goro a aljihun gaba, wanda da ƙafafunsa suka fara tsami ya juyo ya ce, "Ɗana, ba mu iso ba har yanzu?" Na ce, "Baba, Sudan muke zagayewa." Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ba ni labarin kakansa, wanda ya bi ta wannan Sudan ɗin a ƙafa da jaki, yana tsayawa yana noma da ƙwadago don ya sami guzuri, har ya shekara bakwai kafin ya dawo gida.

Maganar ta tsaya mini a rai matuƙa. Ƙasar da muke gudu a sama ita ce ta ciyar da mahajjatanmu na dā, ta kai su Sawakin suka hau jirgin ruwa zuwa Jidda, kuma har yau zuriyarsu na can, a garuruwa irin su Mai Wurno, wadda mabiyan Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Mu awa ɗaya ko biyu ta ƙaru mana, mutanen Sudan kuwa gidajensu suka rasa.

Da fitilun Madina suka bayyana ta taga, jirgi ya ɗauki kabbara da salati. Baba ya dafa hannuna ya ce idan mun isa Masallacin Annabi in tuna masa, yana son ya fara yi wa mutanen Sudan addu'a.