Ga masu cewa wai karatun ƙarya nike yi

Shekaranjiya muna zaune wurin mai shayi nan Birnin Kebbi wani abokina ya ɗauki littafen da ke hannuna ya juya shi gaba da baya, ya ga hoton wata ƙatuwar tsutsa ta fito daga cikin yashi, sai ya ce wai ni da girmana da gemuna ina karatun ƙarya. Na ce mai to Ruwan Bagaja da anka sa mu karantawa a makaranta labarun ƙarfe bakwai ne? Shiru ya yi yana kurɓar shayi. Amma da munka tashi shi ne kuma ya biyo ni har bakin mashin wai cikin irin waɗannan littattafai na ƙagaggun labaran kimiyya da na aljannu da wane ya kamata mutum ya fara, to ga amsa nan, shi da ire-irenshi.

Ku fara daga gida. Tun gasar 1933 da ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara muke da labaran aljannu da tafiye-tafiyen da hankali bai ɗauka. Wanda mutane ba su cika sani ba shi ne Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, 1969 ya fito, shekarar da Amurkawa sunka taka wata ke nan fa, yaro ne Kilba wata halitta mai suna Kolin Koliyo ta ɗauke shi zuwa sararin samaniya. Ɗan siriri ne, zama ɗaya ka gama shi, samunshi ne dai aiki sai an tona wurin masu tsofaffin littattafai.

Sai wanda ya jawo mani gorin, Dune na Frank Herbert, 1965. Wallahi ina ganin mu nan mun fi Turawa gane littafen nan. A watan Afrilu na fara karanta shi, zafin Kebbi na gaske, babu wuta, ina kwance kan tabarma tsakar gida da fitilar waya, ga jarka biyu da anka saya wurin 'yan garuwa Inna na ta kashedi kar wanda ya taɓa mata. To labarin wata duniya ce Arrakis wadda babu ruwan sama sam, mutanen hamadar suna sa wasu kaya masu tace zufa da fitsari su koma ruwan sha (ƙazanta dai, amma ƙishirwa ba ta san wannan ba). Akwai wurin da shugabansu ya tofa miyau kan tebur gaban sarki, fadawa sunka zabura za su kashe shi, ashe girmamawa ce, ruwan jikinshi ya ba da kyauta. Na aje wayar na daɗe ina kallon jarkokin Inna. Sannan ga kalmomin Larabci birjik, Mahdi, Lisan al-Gaib, jihadi, kai ka ce marubucin ya yi zaman makarantar allo, ko da yake wani wurin yana murɗa ma'anar yadda ya ga dama, kowa ya karanta da hankalinshi. Gargaɗi ɗaya, shafi ɗari na farko akwai nauyi, sunaye kamar ruwan ƙanƙara, ni ma sau biyu ina aje shi kafin ya kama ni.

In kuma kana son abin da ya faru a ƙasarmu, marubuciya Nnedi Okorafor na nan. Binti, 2015, shi ba a ƙasarmu ya faru ba, gajere ne kuma ya ci kyautar Hugo da Nebula, manyan kyaututtukan irin waɗannan labarai. Amma Noor na 2021 ya fi tsaya mani a rai, wata mata ce da anka haɗa ma sassan jiki na ƙarfe ta gudo daga Abuja ta nufo arewa, ta haɗu da wani Bafulatani makiyayi da ake nema ruwa a jallo kan laifin da bai yi ba. Duk wanda ke bin hanyar Gusau ya san wannan ba wasa ba ne a wurinmu, na karanta wasu shafukan gabana na faɗuwa. Ban yarda da duk yadda ta zana arewa ba, wani abin ka san daga nesa ta hango, amma dai ta yi ƙoƙari.

Masu son aljannu zalla su nemi The City of Brass na S. A. Chakraborty, 2017, daga Alkahira labarin ya taso, har da batun hatimin Annabi Sulaiman (AS). Ƙanwata ta kwana biyu ba ta yi wanke-wanke ba saboda shi, ni anka yi ma faɗa.

Rosewater na Tade Thompson kuwa, Najeriya ce a 2066, yana da kyau amma akwai batsa a ciki, ba na yara ba ne, kar a ce ban faɗa ba.

Abokin nawa dai Binti na ba shi don na san halinshi, in na ba shi Dune matashin kai zai yi da shi. Na kuma rubuta sunana a bango ciki da waje, don The Hobbit ɗina da wani ya ara tun kafin azumin bara har yau sai "gobe in sha Allahu".