Hawa bakwai na ruwan Erawan

Duk wanda zai je magangarar ruwan Erawan da ke yammacin Tailan, ya kwana a garin Kanchanaburi ya yi sammako. Daga Bankok na shiga jirgin ƙasan da ke tashi a tashar Thonburi, mai kujerun benci, fanka a sama, taga a buɗe. Bat 100 (bat shi ne kuɗin Tailan) baƙo ke biya, tafiyar kusan awa uku. Daga Kanchanaburi kuma akwai tsohuwar bas mai lamba 8170 da ke kai mutum har cikin gandun dajin da ruwan yake, wajen kilomita 65, awa ɗaya da rabi saboda tsaye-tsaye. Masu tasowa daga Bankok da niyyar komawa a ranar sukan iso rana ta take, su tarar da cinkoso, su juya ba su ga rabin wurin ba.

A ƙofa baƙo babba bat 300 yake biya, ɗan ƙasa kuwa ko rabin haka ba ya bayarwa. Wannan farashi biyu bai kwanta mini ba har yanzu, ko da yake ban ga inda za a ce kuɗin ba ya aiki ba: banɗakuna tsaf, hanya a share, ga ma'aikata a bakin tafkunan da ake wanka.

An kafa gandun a 1975, faɗinsa murabba'in kilomita 550. Ruwan ba irin na Gurara ba ne da ke zubowa lokaci guda da rugugi. Rafi ɗaya ne yake saukowa hawa-hawa har bakwai, kowane hawa da tafkinsa, kuma daga na farko zuwa na ƙarshe bai wuce kilomita biyu ba. An sa masa sunan wata giwa mai kai uku ta addinin Hindu, wai dutsen hawa na bakwai ya yi kama da kanta. Na duba ta kowane ɓangare, ban ga giwa ba. Launin ruwan kuwa ba ƙari a hotunan da ake yaɗawa: kore ne mai ratsin shuɗi, garai-garai, saboda farar ƙasar da ke narkewa daga duwatsun. Ita ce kuma ke daskarewa a kan saiwoyi da duwatsu, ta gina ƴan madatsun da ke riƙe tafkunan.

Kuskuren da akasari ake yi shi ne tsayawa a hawa na biyu. Yana kusa, tafkinsa babba, ga benci ga inuwa, sai mutum ya shiga ruwa ya shantake. Kafin ya farga jiki ya mutu, kuma da la'asar ake hana hawa sama. Dabarar ita ce a miƙe zuwa na bakwai tun da sanyin safiya, awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi, sannan a riƙa wanka ana saukowa.

Bayan hawa na biyu akwai shingen bincike. Abinci ba ya wucewa, ko biskit ne. Gorar ruwa ta roba kuma sai ka ajiye jinginar bat 20, su yi mata alama, in ka dawo da ita a mayar maka da kuɗinka. Wannan ƴar doka ta burge ni fiye da komai a wurin, domin tun daga nan har sama ban ga leda a ƙasa ba. Hana abincin kuma saboda birai ne: sun san ƙarar leda, suna iya zuge jaka, don haka kada a bar kaya a bakin ruwa ba mai tsaro. Wanka sai da rigar hana nutsewa, ana ba da hayarta bat 20 a ƙasa. A karɓa kafin a hau, ba wanda zai so ya sauko dominta.

Har hawa na huɗu hanyar ba wuya, akwai matakala. A na huɗun ne wasu duwatsu biyu masu sulɓi suke, yara da manya na zamewa a kansu su faɗa tafki. Daga na biyar abin ya canza: saiwoyi, tsanin katako, laka, wani wurin ma sai an taka ruwa. Silifas ba ya yi. Kambas mai kama ƙasa ko sandal mai maɗauri ake buƙata. Abin mamaki, farin dutsen da ruwa ke gudu a kansa yana da kaushi, ya fi riƙe ƙafa; baƙin mai gansakuka da jiƙaƙƙen katako su ke kayar da mutane.

Sai kifaye. Da ka tsaya cak a ruwa za su yanyame ƙafarka suna tsattsagar matacciyar fata. Ƙananan cakulkuli ne, manyan kuwa, masu tsawon kamu biyu, har firgita mutum suke yi. In kana motsi ba sa matsowa. A gefen hanya kuma za ka ga an rataye rigunan mata na gargajiya masu ƙyalli a jikin manyan itatuwa, kyauta ce da mutanen yankin ke yi wa iskokin da suka yi imani suna zaune a ciki. Ba a taɓawa. Su ƴan ƙasar da riga da gajeren wando suke wanka, maza da mata, baƙi Turawa ne ke tuɓewa, don haka mai son suturarsa ba wanda zai kalle shi.

Nuwamba zuwa Janairu ne lokacin zuwa. Da damina, daga Mayu zuwa Oktoba, ruwan kan yi ja bayan an yi ruwan sama, wani lokaci a rufe hawan sama saboda ambaliya. Maris da Afrilu ga zafi, ga ruwan ya ja baya. A guji Asabar da Lahadi.

A wurin ajiye motoci akwai rumfunan abinci, gasasshen kifi da shinkafa mai danƙo da ƴaƴan itace. Naman alade ya yawaita, sai an tambaya. Bas ta ƙarshe tana tashi tun da sauran rana, a tambayi direba lokacinta tun da safe. Da na koma Kanchanaburi na leƙa gadar kogin Kwai, ta layin dogon da sojojin Japan suka sa fursunonin yaƙi da leburori ginawa a 1942 zuwa 1943, washegari na kama hanyar Bankok.