Guzurin gida a cikin jirgin sama

A tafiyata daga Abuja zuwa Landan na shiga jirgi da dambun shinkafa a cikin ƙaramar roba, domin likita ya hana ni abinci mai gishiri da yawa. Masu bincike a filin jirgi ba su tanka mini ba, tun da dokar da ta taƙaita abu mai ruwa zuwa mililita 100 ba ta shafi busasshen abinci ba. Da miyar kuka na ɗauko, da a nan za ta tsaya.

Wajen ɗumamawa ne aka samu cikas. Ma'aikaciyar jirgin ta bayyana mini cikin ladabi cewa tandunsu na iska mai zafi ne, an ƙera shi domin kwanukan alminiyom da kamfanin abinci yake lodawa, saboda haka robata narkewa za ta yi. Ta ƙara da cewa ba su san yadda aka adana abincin fasinja ba, kuma idan ya ɓata wa mutum ciki, su za a tuhuma. Ban ga laifinta ba ko kaɗan. Ta kawo mini shayi mai zafi, na ci dambuna da sanyinsa, man gyaɗan da yajin suka rufa masa asiri.

Wanda ya fi ni shiga damuwa shi ne dattijon da ke gefena, da ya ji cewa Birtaniya ba ta barin matafiyi daga Najeriya ya shigo da nama. Kafin mu sauka ya rarraba mana kilishinsa.