Wasiƙa daga wani ƙauye a ƙuryar Ayalan

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya ruwa? Mu nan ba ma tambayar damina, kullum a cikinta muke.

Makon jiya na baro hayaniyar Dablin, babban birnin ƙasar, na nufi arewa maso yamma, wani ƙauye a yankin Donegal mai suna Glencolmcille, a bakin Tekun Atilantika. Garin tsit, kamar an yi ruwa an ɗauke. Ba ka jin komai sai iska da kukan tumaki, kowace an shafa mata fenti a gadon baya don mai ita ya gane abarsa.

Na tambayi wata dattijuwa ina mutane, ta yi dariya ta nuna teku. Tun yunwar 1845, da cuta ta cinye dankalin Turawa, wannan da muke kira arish, ƙasar ta rasa wajen mutum miliyan ɗaya, wasu kamar haka suka hau jirgin ruwa. Daga nan tafiya ta zama gado.

A 1951 aka turo wani limamin coci, Fada James McDyer. Ya tarar samari na ta tsiyayewa zuwa Ingila da Amurka, sai ya tashi haiƙan neman wutar lantarki da sana'o'in da za su riƙe su. A 1967 ya ja jama'a suka gina 'yan ɗakuna irin na kakanninsu, kowanne da kayan zamaninsa, na shekarun 1700, 1800 da 1900.

Nan na daɗe. Rufin ciyawa ne kamar jinkarmu, amma an ɗaure shi da igiyoyi a jikin bango, don iskar teku ba ta da mutunci. A murhu ba itace, sai wata baƙar ƙasa da suke yankowa a fadama su shanya. Ga tukunyar ƙarfe a rataye, ga gado ɗan mitsitsi. Talauci ne zalla, wallahi, amma ba su ɓoye shi ba. Har kuɗi na biya na gani.

Harshensu na asali ma bai mutu a nan ba, baƙi na zuwa koyonsa tun 1984.

Don Allah wanda ya bi ta gidanmu ya duba mini ko ɗakin Kaka na nan, ko an rushe an kafa bulo. Idan yana nan, a turo mini hotonsa.

Naku,
ɗan'uwanku a Ayalan