Kan jirgin Baba da abin da ya koya mini

Sana'ata gyaran lagireto ce da injin ban ruwa, a wata rumfa kusa da tsohuwar tashar jirgi ta Malam Madori. Shekara goma sha huɗu ina riƙe da wutar walda, har na kai matsayin da nake ganin babu ƙarfen da zai ba ni kunya. Abin da ya sauke mini wannan girman kai bai fi tsawon damtsena ba.

Wani dattijo maƙwabcinmu, wanda kowa ke kira Baba, shi ya kawo shi a naɗe cikin tsohon zani. Baba ya yi aikin zuba kwal a kan jirgi, kan layin Kano zuwa Nguru da aka kammala a 1930, zamanin da gyaɗa ce ke riƙe da garinmu. Ya ce wani Bature injiniya ne ya bar masa shi da zai koma gida. Ɗan kan jirgi ne na tururi, ƙirar kamfanin Bassett-Lowke na Ingila, ƙananan tayu biyu a gaba, manya shida a baya. Ba batir gare shi ba, ba kuma wani makulli da ake murɗawa. Ruwa ake zuba masa a tukunya, a kunna lagwani da sifirit a ƙarƙashi, ya tashi da kansa.

"Ɗana, so nake in ji numfashinsa sau ɗaya kafin in bar duniya," in ji shi.

Na ce, "Baba, ai wannan aikin yini ɗaya ne." Wata biyar muka yi.

Ɓarnar farko tun ranar farko na yi ta. Na ga fentin ya dushe, sai na ɗauki samfefa na goge gefe guda tas, da nufin in fesa masa sabo. Ashe ƙarƙashin dattin akwai wasu siraran layuka da lambar jirgin, duk na tafi da su. Da Baba ya zo bai yi faɗa ba. Ya shafa wurin da babban yatsa, ya daɗe yana shafawa, sannan ya tambaye ni lafiyar iyali. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Ɗaya gefen da ruwan sabulu da auduga kawai na wanke shi, kuma ya fito da kyan da babu fentin kasuwa da zai ba shi.

Sai maganar noti. Noti ɗaya ya ɓace, na ɗauko irin namu na sa ƙarfi, na cinye zaren ramin. Ɗan yayana ne ya binciko a waya cewa tsofaffin kayan Ingila irin waɗannan da wani zare ake ɗaure su mai suna BA, wanda bai dace da na milimita ba ko da ido ya ce girmansu ɗaya. Tun daga ranar, duk abin da na kwance sai na jera shi a kan kwali na zana wurinsa.

Inda na fi shan karatu shi ne tukunya. Tana yoyo ta gindin wani bututu, ni kuwa na like ta da dalma kamar yadda nake yi wa lagireto, na miƙa hannu zan kunna wuta. Baba ya riƙe mini hannu.

"Da wuta za ka gwada? Wa ya koya maka?"

Ya ce a reluwe ba a gwada tukunya da tururi sai an fara gwada ta da ruwan sanyi. A cika ta maƙil, kada a bar iska ko kaɗan, sannan a matsa da famfo. Ruwa ba ya matsuwa, don haka idan akwai rauni ɗiga kawai zai yi. Tururi kuwa ƙarfi yake tarawa, ranar da ya sami ƙofa da fuskar mutum zai fita. Mutumin da bai yi boko ba ke nan, ya warware mini abin da ban taɓa tunani a kai ba. Muka gwada yadda ya ce, likin nawa ya yi gumi nan take. Daga baya na gane ko da ya riƙe ma ba abin dogaro ba ne: dalma tana narkewa tun zafi bai kai digiri 200 ba, kuma da zarar ruwa ya ƙare wuta na ci, tukunya za ta wuce haka. Sai da na je Kano wajen masu gyaran firji na samo sandar liki mai azurfa, wadda sai zafi ya haura 600 take narkewa. Cikin tukunyar kuma ya yi farin ɓawo saboda ruwan rijiya da aka taɓa zuba mata. Ruwan lemon tsami ya cinye shi a kwana biyu, kuma yanzu ruwan sama muke tara masa a kwalba.

Duk da haka jirgi ya ƙi tafiya. Sai ya yi taku ɗaya ya cije. Na kwance fistin sau uku ban ga komai ba. Baba ya sa na juya tayun a hankali kusa da kunnensa, ya ce, "Ƙafafunsa ba sa jituwa." Ashe taya ɗaya ce ta zame a kan sandarta. Dole hannun da ke juya tayun gefe ɗaya ya riga na ɗaya gefen da kwatan zagaye, don lokacin da wannan fistin ya kai ƙarshe ya rasa ƙarfi, wancan yana tsakiyar turi. Ya ce haka yake a manyan kawunan da ya yi wa aiki, waɗanda aka sa wa sunayen koguna, kuma lafiyayyen jirgi numfashi huɗu yake yi a kowane zagayen taya. Ni ina neman laifi da ido, shi da kunne ya kama shi.

Layin dogo ba mu da shi, sai na kafa siraran ƙarafa biyu a kan katako, tazarar milimita 32 tsakaninsu. Bayan magariba muka kunna, domin wutar sifirit ba ta ganuwa da rana, kuma yatsana ya riga ya shaida haka. Yaran unguwa, waɗanda ba su taɓa ganin jirgin kwal ba, sun cika rumfar. Can sai bawul ɗin saman tukunya ya fara tsartuwa, na ɗan tura jirgin da yatsa, ya kama hanya har ƙarshen katakon.

Baba ya rufe ido yana kaɗa kai yana ƙirgawa. Da na tambaye shi ko in fente gefen da na goge, sai ya ce in bar shi haka, in dai juya shi ya kalli bango.